Karatun Faransanci a Jami'o'inmu: Tarihinsa da Abin da Ya Haifar

Iyayenmu ba su taɓa shakkar cewa harshe yana ciyar da mai shi ba, domin sun ga haka a Larabci. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ta yaye alƙalai da malamai da yawa. Daga cikin waɗanda aka tura Bakht al-Ruda ta ƙasar Sudan akwai Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, da Shehu Galadanci, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, daga baya kuma ya zama jakadan Nijeriya a Saudiyya. Amma da aka zo kan Faransanci sai lissafi ya sauya. A zamanin da muke sakandare, cikin shekarun 1970, in yaro ya ce shi zai karanta, sai a ce masa Turancin Ingila bai ishe shi ba, sai ya ƙaro wani harshen Nasara?

Wannan kuwa abin mamaki ne ga wanda ya san tarihin iyakarmu. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka tsaga ƙasar Hausa gida biyu, Katsina a nan Maraɗi a can, Daura a nan Damagaram a can, alhali sarautar Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne da suka yi hijira bayan jihadi. Jini ɗaya ne, harshe ɗaya, amma takardar hukuma ta rabu. Bayan samun mulkin kai aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971 mai hedkwata a Yamai, sa'an nan ECOWAS a 1975. Duk waɗannan suna bukatar tafinta, da mai fassara takardu, da sakatare mai harshe biyu. Haka ma Ma'aikatar Harkokin Waje, da kwastan, da hukumar shige da fice, da bankuna. Mu da muke bakin iyaka mu ne muka fi ƙarancin shiga wannan fage, sai 'yan'uwanmu na Kudu suka cike mafi yawan guraben.

Ni kaina ina cikin masu laifin. Da na shiga jami'a na ɗauki Faransanci tare da Tarihi, bayan shekara guda na ajiye shi don tsoron faɗuwa jarrabawa. Wani abokin karatuna, ɗan ƙauye ne kamar ni, ya daure. A wancan lokaci ɗalibin Faransanci yakan yi shekararsa ta uku a Faransa ko wata ƙasar Afirka mai amfani da harshen, kamar Togo ko Senegal. Ya dawo bakinsa ya buɗe, kuma tun kafin mu gama bautar ƙasa ya sami aiki.

Ranar da na gane asarata ita ce ranar da aka tura mu, muna ma'aikatan jiha, wani taro da takwarorinmu na tsallaken iyaka kan rikicin makiyaya da manoma. Da Hausa muka yi ta magana tun safe, har da barkwanci, muka ci tuwo tare. Da yamma aka kawo takardar abin da aka cim ma, sai ga ta da Faransanci. Mu shida babu mai iya karanta ta. Muka kwana biyu muna jiran mai fassara, ni kuwa da ke riƙe da alƙalamin tawaga kunya ta hana ni barci.

Tafiyar shekara ta uku ba ta ɗore ba. Bayan tsarin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, jami'o'i suka kasa biyan kuɗin ƙasashen waje. Shi ya sa gwamnati ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da takwaransa na Larabci a Ngala ta Jihar Borno. A ganina wannan maganin dole ne kawai, don zama a Badagry ba zai yi daidai da zama cikin masu harshen ba, ko da yake ya fi babu. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka kuma shigar da shi manufar ilimi ta ƙasa. Sai dai malaman makaranta da ke karanta wannan sun fi ni sanin sakandare nawa ne a karkararmu suka taɓa ganin malamin Faransanci.

A 2025 abubuwa biyu suka faru. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu, kuma a watan Maris sabon kundinta ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wasu sun ce mini ke nan bukatar ta ƙare. Ban yarda ba. Dokoki, da takardun kotu, da na kwastan, da kundayen tarihi na zamanin mulkin mallaka da ke Yamai, galibinsu da Faransanci suke. Ni da nake binciken tarihin Katsina da Maraɗi, har yanzu sai na ɗauki takarda na kai wa wancan abokin nawa, wanda shi ma ya yi ritaya, ya karanta mini.