Damben Kaka da Hutun Damina a Ƙasar Zamfara

A ƙasar Zamfara, daga Tsafe zuwa Gusau har Bungudu, dambe wasan kaka ne tun asali. Sai an yanke gero, an girbe dawa, dammuna sun shiga rumbu, sannan kalangu ke tashi a dandali. Mahauta, waɗanda su ne tushen wasan, sukan bi kasuwanni da bukukuwa gari-gari, da rana a yi fawa, da yamma a share fage. Ɗan dambe ya naɗe hannu guda da zare har ya yi tauri, ya miƙa ɗayan gaba yana kare fuska, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Da hadari ya fara haɗuwa kuwa, sai a kwance zare a ɗauki fartanya. Ba sarki ba ne ya rubuta wannan tsari, noma ne ya shimfiɗa shi, kuma shi ya ba mazan jiya damar daɗewa a fage. Rushewar wannan tsari ita ce babbar asarar da dambe ya yi, duk da kuɗin da ya shigo cikinsa.

Shago, wanda Ɗan Anace ya raya sunansa da waƙa har yau ake ba da labarin karonsa da Ɗandunawa, ya fito ne daga zamanin da gona ke tsara shekara. Girman irin waɗannan mutane bai tsaya ga ƙarfin naushi ba. Sun daɗe ana ganinsu, kaka bayan kaka, har makaɗi ya san su ciki da bai, jama'a kuma suna ɗokin zuwansu domin ba kullum ake samunsu ba. Canji ya biyo bunƙasar birane. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, auduga da gyaɗa suka tara 'yan ƙwadago masu kuɗi a aljihu, a hankali wasan dandali ya koma gidan dambe mai ƙofa da mai karɓar kuɗin shiga. Yau a Kano da Dei-Dei ta Abuja ana dambatawa rani da damina tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa, waya kuma tana ɗauka ana watsawa a YouTube. Matsalar tsaro da ta hana noma da taron dare a ƙauyukan Tsafe da Bungudu ta ƙara tura samari birni, inda wanda bai hau fage ba yau ba ya da na abincin dare.

Wani zai ce noma ai ba hutu ba ne, wanda ya yi huɗa daga hantsi zuwa azahar ya fi ɗan dambe galabaita. Haka ne, amma gajiya iri-iri ce. Fartanya tana gajiyar da ƙugu da damtse, ba ta girgiza ƙwaƙwalwa. Watannin damina su ke ba kumburin hannu damar sacewa, tsagar gira ta haɗe, kan da ya sha naushi ya dawo daidai. Likitoci sun tabbatar cewa bugu na biyu a kai kafin na farko ya warke ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Wani kuma zai ce jarumta juriya ce, ya kawo misalin Hakeem Olajuwon, ɗan Nijeriyar da ya buga ƙwallon kwando a Amurka yana azumin Ramadan, ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995. Juriyarsa abin yabo ce, sai dai shi ma yana da watannin hutu duk shekara. Gasar tasu ta NBA wasa 82 ce kafin zagayen neman kofi, kuma ta daɗe tana kokawa da batun hutu. A 2012 an ci ƙungiyar San Antonio tarar dala 250,000 don ta hutar da manyan 'yan wasanta. A kakar 2018 zuwa 2019 Toronto ta bar Kawhi Leonard ya buga wasa 60 kawai, ya isa zagayen ƙarshe da ƙarfinsa ya ɗauko mata kofi, a daidai karawar da Kevin Durant na abokan hamayyarsu ya dawo daga jinya jijiyar dugadugansa ta tsinke. Idan masu likitoci da miliyoyin daloli suna ƙirga hutu haka, ina ga yaron da maganinsa ruwan zafi ne da man shafawa?

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta abinci, domin ba a ce wa mai iyali ya zauna wata huɗu hannu rabbana. Amma wannan nauyi ne a wuyan masu gidajen dambe da shugabannin ɓangarori, waɗanda ƙofa ke tara wa kuɗi. Su tsayar da kakar wasa mai farko da ƙarshe, su hana wanda ya suma komawa fage sai likita ya duba shi, su ware wani kaso na kuɗin ƙofa don ciyar da mai jinya. Hukumar wasanni ta jihar Zamfara kuma ta sa wannan cikin sharuɗɗan ba da izinin buɗe gidan dambe.