Tarihin da Muka Karɓa Daga Bakin Tsofaffi

Mu ’yan Mashi mun tashi a kan hanyar Katsina zuwa Daura, muna jin labaran garuruwan biyu tun kafin mu iya karatu. A dakalin ƙofar gida muka fara jin sunan Bayajida da rijiyar Kusugu, da kaburburan sarakunan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, maƙwabciyarmu. Da muka shiga jami’a sai muka raina wannan hira, muka ce tatsuniya ce, tarihi na gaske yana cikin littafi.

To littafin daga ina ya samo? A wajajen 1805 jihadi ya fitar da sarautar Haɓe daga Daura, zuriyarta ta watsu har Zango da Ɓaure. Sai bayan kusan shekara ɗari, farkon zamanin Turawa, Malam Musa na Zango ya dawo gadon Daura. Da M.G. Smith ya zo nazarin wannan zamani, gaban dattawa da masu sarauta ya zauna yana tambaya, kafin littafinsa The Affairs of Daura ya fito a 1978. Matarsa Mary kuwa, a 1949 da 1950 ta rubuta rayuwar wata tsohuwa, Baba ta Karo, daga bakinta: aure, bauta, zuwan Turawa, zaman tsakar gida. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da Mary ta yi jinkirin shekara biyu, da duk wannan ya bi ta kushewa. Haka Yusufu Bala Usman ya haɗa takardu da hirar tsofaffi ya rubuta tarihin Katsina. A 1960 ma, Amadou Hampâté Bâ na Mali ya shaida wa UNESCO cewa mutuwar tsoho a Afirka daidai take da gobarar ɗakin karatu.

Ba mu ce duk abin da tsoho ya faɗa gaskiya ba ne. Su ma manazartan sai da suka gwada baki da baki. Amma mu masu rubuta manhaja mun san makomar bayanin da ke wuri ɗaya tak, babu kwafi. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da idonsu suna nan a unguwanninmu, muna durƙusa musu da safe mu wuce. Wayar da kake karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. In ka gaida Kaka gobe, zauna ka tambaye ta abin da suka ci a shekarar.