Igwa da Madafa

In aka ce wa yaro a Fadaman Mada "madafa", ɗakin girki zai nufa. Dattijo kuwa sai ya tuna da wanda ya rasa madafa, wato ya rasa abin dafawa. Akwai ta uku da muka kusa mantawa: babbar bindigar nan da muka fi sani da igwa. Wannan daga Larabci muka aro ta, midfa'u, ma'ana abin ingizawa.

Sinawa ne suka fara ƙera makamin a ƙarni na 13, kuma da shi Turkawa suka huda ganuwar Ƙustantiniya a 1453. Mukan ɗauka Nasara ya kawo mana shi. Ko kusa! Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an zuba masa igwa ta tagulla a birninsa, ana kuma haɗa albarushi a gida, ko da yake rugugin ya fi ɓarnar yawa. Ta Nasara ce ba ta wasa. A 1902 rundunar Morland ta shiga Bauchi ba a gwabza ba, ganuwar Malam Yakubu na tsaye. Shekara na zagayowa igwarsu ta fasa ƙofar Kano.