Kalmomin da kotun laifuka ke rubuta hukunci da su: me suke nufi?

Wanda ya taɓa zaman sauraren shari'a a babbar kotun Maraɗi ko ta Damagaram ya san yadda ake ƙarewa. Alƙali ya karanta ƴan layuka da Faransanci cikin sauri, tafinta ya taƙaita, dangi su fito suna tambayar juna ko an sake shi ko an ɗaure shi. Waɗannan layukan ba alƙali ke tsara su yadda ya ga dama ba. Ƙayyadaddun kalmomi ne da Nijar ta gada daga tsarin shari'ar Faransa, tare da kundin hukunta laifuka da kundin tafiyar da shari'ar laifuka, waɗanda aka kafa a 1961 kuma aka yi ta yi musu gyara.

Dalilin ƙayyade su shi ne, masu zartar da hukunci ba sa cikin ɗakin shari'a. Shugaban gidan kaso, ma'aikacin baitulmali da magatakarda mai riƙe da rajistar laifuka duk takarda suke gani. Kalma guda da ta kauce tana iya sa mutum ya ƙara watanni a tsare.

Takardar hukunci tana farawa da sunayen waɗanda shari'a ta shafa da laifin da ake tuhuma, sai dalilan alƙali, waɗanda yawanci ke buɗewa da "Attendu que", wato ganin cewa. Abin da za a zartar kuwa yana zuwa ne bayan "Par ces motifs", saboda waɗannan dalilai. Mai karatu da ke gaggawa nan ya kamata ya fara dubawa.

Layin farko bayan wannan yakan ce: "Statuant publiquement, contradictoirement, en matière correctionnelle et en premier ressort". Ma'ana an yi shari'ar a bainar jama'a, wanda ake tuhuma ya samu damar kare kansa, laifin matsakaici ne irin sata ko zamba, kuma akwai damar ɗaukaka ƙara. Mutane ba su cika kula da wannan layi ba, alhali shi ke nuna hanyar da ta rage. In hukuncin "contradictoire" ne, kwana 10 ake da su don ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka faɗe shi. In kuwa an rubuta "par défaut", an yanke shi a bayan idon mutum ke nan, kuma yana iya neman kotun ta sake zama da shi, abin da ake kira "opposition". Lissafin wa'adin wannan yana farawa ne daga ranar da aka isar masa da hukuncin.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne tsakanin "ferme" da "avec sursis". Na farko zaman kaso ne na zahiri. Na biyu ɗaurin talala ne: an same ka da laifi, an yanke maka ɗauri, amma an jingine shi. Dangi sukan yi murna su ce an wanke ɗansu, ba haka ba ne. In cikin shekara 5 aka sake yanke masa ɗauri kan wani laifi, tsohon hukuncin na iya faɗo masa ya haɗu da sabon. Ana kuma gauraya su: "deux ans dont six mois ferme" na nufin shekara 2, wata 6 a kaso, wata 18 a jingine. Kwanakin da mutum ya yi a tsare kafin shari'a ana cire su daga lissafi, shi ya sa wani kan koma gida a ranar da aka yanke masa ɗauri.

Wankewa ta gaskiya ita ce "relaxe" a ƙananan laifuka da matsakaita, ko "acquittement" a manyan laifuka irin kisa. Wanda ya zo kotu da ƙafarsa kuma ya ji "mandat de dépôt", daga nan gidan kaso za a wuce da shi.

Batun kuɗi ma kashi-kashi ne. "Amende" tara ce, baitulmalin gwamnati take shiga. "Dommages-intérêts" diyya ce ta wanda aka cuta, kuma sai ya nema da kansa a matsayin "partie civile" kafin alƙali ya ba shi. Mai shanun da aka sace wanda ya yi shiru a gaban kotu yana iya ganin an ɗaure ɓarawo, shi kuma bai samu ko dala ba. "Dépens" kuɗin shari'a ne.

Bayan hukunci ya tabbata, ana aika bayaninsa kotun yankin da aka haifi mutum, a shigar da shi rajistar laifuka, wato kaziye, wadda ake neman takardarta mai lamba 3 wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A ganina, in har ana son wannan ya isa ɗakin shari'a, waɗannan ƴan kalmomin ne ya kamata a fara tsayar musu da fassara guda, domin tafintan Tawa da na Yamai su riƙa faɗin "sursis" iri ɗaya.