Shari'ar Bernstein da dokar ɓoye saƙonni a Amurka

Har zuwa shekarar 1996, gwamnatin Amurka tana lissafa fasahar ɓoye saƙonni a kwamfuta cikin kayan yaƙi. Duk mai son fitar da ita waje sai ya nemi izinin ma'aikatar harkokin waje.

Hujjar gwamnati dai ita ce, idan fasahar ta faɗa hannun abokan gaba, hukumomin leƙen asiri ba za su iya karanta saƙonninsu ba.

Wane ne ya kai ƙara?

Daniel Bernstein, ɗalibin lissafi a Jami'ar California da ke Berkeley, ya ƙirƙiro wani tsari mai suna Snuffle, yana kuma son wallafa shi. Hukumomi suka ce sai ya yi rajista a matsayin mai cinikin makamai. A shekarar 1995 ya kai gwamnati kotu.

Wa ya ɗauki nauyi?

Shari'a da gwamnati sai mai hali, domin takan ci shekaru da kuɗi masu yawa. Ƙungiyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da intanet, wadda aka kafa a 1990 kuma take dogara da gudummawar jama'a, ita ce ta tsaya masa. Lauya Cindy Cohn ce ta jagoranci lauyoyinsa.

Haka ma Phil Zimmermann, wanda ya ƙirƙiro manhajar PGP a 1991, magoya bayansa ne suka kafa masa asusun biyan lauyoyi lokacin da ake bincikensa. An rufe binciken a 1996 ba tare da an tuhume shi ba.

Me kotu ta ce?

A 1996, mai shari'a Marilyn Hall Patel ta yanke hukuncin cewa rubutun da ake gina manhaja da shi magana ce, don haka 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare shi. A ƙarshen shekarar gwamnatin Bill Clinton ta mayar da sa ido kan fasahar hannun ma'aikatar kasuwanci, amma shari'ar ta ci gaba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan Bernstein a 1999, sai dai an janye hukuncin domin sake sauraro. Kafin a kai ga haka, gwamnati ta sassauta dokokin a watan Janairun 2000, sannan aka kori ƙarar a 2003.

Sassaucin ya buɗe hanyar yaɗuwar irin fasahar da a yau ke tsare hulɗar banki ta intanet da saƙonnin WhatsApp.