Rumfar Maƙwabci da Tarihin Lungunan Nima



A makon jiya aka kawo wa dattijon da muke yi wa hidimar rubutu ƙara a kan wata rumfa. Wani bawan Allah ne ya kafa ta da katako da kwano a bayan gidansa a Nima don ajiyar kaya, sai ta ci rabin lungu, ta kuma juyar da ruwan indararo zuwa bangon maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya fara kai kuka ofishin hukuma. Aka zo aka rubuta da jan fenti cewa a dakatar da aiki, a kawo takardar izini. Fenti ya koɗe, rumfa tana nan daram.

Masu cewa hukuma ta yi sakaci ba su yi ƙarya ba, amma zancen ya girme mu duka. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami ƙasar Nima daga gidan Odoi Kwao na Osu, a lokacin wurin kiwon shanu ne a wajen iyakar birnin Ankara. Baƙo ya zo, a nuna masa fili, ya gina abin da ƙarfinsa ya kai. Da Turawa suka kafa dokar tsara gari a 1945, hannunta bai kai nan ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suka yi ta kwararowa, ɗaki ya jingina da ɗaki, har zuwa farkon shekarun 1950 da aka shigar da Nima cikin birni. Kafin ma'auni ya iso, an gama gini. Wanda ya taka Sabon Zango, inda Malam Baƙo ya yanka hanyoyi tun da fari, zai ga bambancin da ƙafarsa.

To, me ya riƙe lungunan duk tsawon nan? Masu unguwanni da malamai. Mu da muka karanta Risala a zaure mun san ta hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, ko yin haƙan da zai cutar da shi, ko da a cikin mallakarsa ne. Da wannan iyayenmu suke raba gardama. Yanzu kuwa dokar 2016 ta ɗora izinin gini a wuyan majalisun gunduma, alhali da yawa daga gidajenmu na gado ne, magada barkatai, babu takardar fili da za a nemi izinin da ita. Dattijo ba shi da ikon rushewa, mai ikon kuma bai san lungun ba.

Da aka zauna, dattijo bai tambayi takarda ba. Cewa ya yi a ɗauko makara daga masallaci, mutum huɗu su bi da ita ta lungun. Ba ta wuce ba. Mai rumfa ya sunkuyar da kai, ya ce a ba shi zuwa Juma'a.