Daga Hammam Zuwa Banɗakin Gida: Tarihin Wankan Tururi

Wankan tururi shi ne mutum ya zauna a rufaffen ɗaki mai zafi da danshi har gumi ya karyo masa, dauɗa ta jiƙa, sannan ya cuɗa jiki ya ɗauraye. Al'ummomi da dama sun san shi tun da daɗewa, kowacce da nata salon, kamar mutanen Rasha da na Finland da 'yan asalin Meziko. Amma hanyar da ta kawo shi banɗakin gidajen yau ta ratsa ta Rum ne, ta bi biranen Musulmi, ta ɓulla Ingila.

Rumawa ne suka mai da wanka babban aikin gini. Dabararsu ita ce ɗora daɓen ɗaki a kan gajerun ginshiƙan bulo, a hura wuta a murhu daga gefe, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin daɓen su hau ta bututun da ke cikin bango. Mai wanka yakan bi ɗakuna daki-daki, daga mai ɗumi zuwa mai zafi, ya ƙare a tafkin ruwan sanyi. Gidan wankan Sarki Karakala, wanda aka buɗe a Rum a shekarar 216, yana ɗaukar kimanin mutum 1,600 a lokaci guda. Irin wannan gini cin ruwa da itace gare shi kamar gara, shi ya sa da mayaƙan Got suka datse hanyoyin ruwan birnin a 537, manyan gidajen wankan suka mutu murus.

A gabas al'adar ba ta mutu ba. Musulmi sun tarar da ita a Sham da Masar, suka karɓa suka sake mata fasali, suka kira ta hammam. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa da suka rage shi ne na Kusair Amra a hamadar Jodan, wanda Walid ɗan Yazid na Banu Umayya ya gina a farkon rabin ƙarni na 8, da zanen taurari a cikin kubbar ɗakin zafinsa. Sannu a hankali aka watsar da babban tafkin iyo, domin an fi son ruwan da ake kwarawa a jiki ya wuce a kan wanda jama'a suka kwanta a ciki. Ɗakin tuɓe kaya kuma ya faɗaɗa ya zama zauren hutu da hira. Bukatar wankan tsarki da na Juma'a ta sa hammam ya zama maƙwabcin masallaci da kasuwa, kuma da yawansu wakafi ne: kuɗin shiga shi ke ɗaukar nauyin masallaci ko makaranta ko asibiti.

Masanin tarihi Ibnu Asakir ya lissafa hammam 57 a Dimashƙu a ƙarni na 12, kuma wanda Nuruddin Zangi ya gina a kasuwar Buzuriyya a wannan ƙarnin yana nan tsaye. Ibnu Batuta, da ya shiga Bagadaza a 1327, ya yaba gidajen wankanta: bango shafe da kwalta yana sheƙi, kowane mai wanka da ɗan ɗakinsa da famfo biyu, na zafi da na sanyi, ana kuma ba shi tawul uku. Malamai ba su saki jiki da wurin gaba ɗaya ba, saboda batun tsiraici. Imam Gazali ya keɓe wa ladubban shiga hammam wuri a cikin Ihya'u, inda ya yi magana kan rufe al'aura, da biyan mai gida kafin a shiga, da guje wa ɓarnar ruwa, da tuna wutar lahira idan aka ji zafin ɗakin.

A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa ne ginin ya kai ƙololuwa. Shahararren maginin nan Sinan ya gina hammam na Hurrem Sultan kusa da Aya Sofiya a Istanbul a 1556, ɓangaren maza da na mata girmansu ɗaya, aka kuma gina na Cemberlitash a 1584. A tsakiyar ɗakin zafi akwai faffaɗan dutsen mabul da ake kira dutsen cibiya, wanda wuta ke ɗumama shi ta ƙasa. A kansa ake kwanciya, mai cuɗa ya sa safar hannu mai kaushi ya murje mutum, ya bi shi da kumfar sabulu. Rufin kubba ne mai ƙananan ƙofofin gilashi da haske ke shigowa, kuma lanƙwasar kubbar ba ado ba ce kawai: raɓar tururi takan gangara ta bango maimakon ta riƙa ɗiga a kan mutane. Ga mata kuwa, hammam ne dandalinsu. A nan ake wankan amarya, a nan uwa kan hango wa ɗanta matar aure, a nan mai jego kan je wanka ran cika kwana arba'in, abin da ba zai zama baƙo ga Bahaushiya ba.

Bayan wannan ƙawa duka akwai murhu da ba ya mutuwa dare da rana, kuma shi ma ya bar nasa tarihin. A da, a Istanbul marayu da yaran da ba su da makwanci sukan kwana a ɗakin murhun lokacin sanyi. A Alƙahira ma, a da, masu sayar da ful sukan binne tukwanen wakensu a garwashinsa ya kwana yana dahuwa, a Marrakesh kuma har yau ana kai tulun naman tanjiya a tura shi cikin tokar murhun hammam. Tsadar wutar nan ce ta taka wa ginin birki: bayan na Jagaloglu da aka gina a 1741, Sarki Mustafa na Uku ya hana gina manyan hammam a Istanbul a 1768 saboda ƙarancin ruwa da itace. A Andalus siyasa ce ta kashe su, domin dokar Sarki Filib na Biyu ta 1567 ta haramta wa jikokin Musulmi gidajen wankansu tare da harshen Larabci da tufafinsu.

Turawan Birtaniya sun farfaɗo da abin ta hannun David Urquhart, jami'in diflomasiyya da ya zauna a Turkiyya, ya kuma bayyana hammam a littafinsa na 1850. Wani likita, Richard Barter, ya karanta, suka haɗa gwiwa suka gina na farko kusa da Blarney a Ailan a 1856, aka buɗe wani babba a titin Jermyn na Landan a 1862. Sun kira shi wankan Turkawa, alhali busasshiyar iska mai zafi suka fi amfani da ita, wato ya fi kama da na Rumawa. Yayinsa ya kai har jirgin ruwan Titanic na 1912 yana da nasa. Wanda ba ya son shiga jama'a kuma sai ya sayi akwatin tururi mai naɗewa: ya zauna a kujera a ciki, kansa a waje, ruwa yana tafasa a kan ɗan risho a ƙarƙashinsa. Wannan bai wuce siracen da ake yi da tukunyar ganye da bargo ba, illa dai an yi masa akwati.

Shigar ruwan famfo gidaje a ƙarni na 20 ta janye wa hammam masu zuwa, da yawa suka rufe, wasu suka koma na masu yawon buɗe ido, ko da yake a Maroko hammam na unguwa yana nan da ransa. Lantarki kuma ya maye gurbin murhu. Shawar tururi ta yau tana aiki da ɗan inji da bai fi jakar hannu girma ba, wanda ake ɓoyewa a kabad ko bayan bango. Yana tafasa ruwa ya turo tururin ta bututu zuwa wani baki da ake sawa ƙasa-ƙasa, nesa da wurin zama don kada ya ƙona ƙafa. Zafin ɗakin yakan tsaya tsakanin digiri 43 da 46 a ma'aunin salshiyos, danshi kuwa kusan ɗari bisa ɗari, kuma zaman minti 20 bai cika cin ruwan da ya wuce lita 8 ba.

Wahalar aikin tana ga ginin, ba ga injin ba. Dole ƙofar gilashi ta rufe ruf har sama, a shimfiɗa abin da ke hana danshi ratsawa a bayan tayil na bango da na rufi, in ba haka ba naso da funfuna su cinye ginin. Ba a son rufin ya yi tsawo sosai, kuma girman inji yana bin girman ɗaki da irin dutsen da aka manna, tunda mabul ya fi tayil shan zafi. Magina sukan ɗan karkata rufin don raɓa ta gangara gefe, matsalar da kubbar hammam ta riga su warwarewa tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce.